Saƙon da Ya Same Ni a Ɗakin Sanyi

Ku yi haƙuri da ni yau, 'yan uwa masu bibiyar labarina. Masu turo min "ki yi haƙuri" duk lokacin da na buɗe baki, ku riƙe kalmar nan tukuna, ku karanta har ƙasa, sannan mu yi magana.

Ga wanda yau ne ya fara cin karo da ni: injiniya ce ni, ina aiki a kamfanin da ke kula da kwamfutocin wasu asibitoci. A gida Auta ake ce min. Akwai Baba, akwai Mama, akwai Yaya da ta yi aure, sai Gwaggo ƙanwar Baba, wadda ba a gidanmu take zaune ba amma ba ta kwana biyu ba ta leƙo ta ga abin da muka ɓata ba. Sai kuma mai nemana, wanda kowa ke kira Lauya saboda aikinsa. Ba zan yi muku ƙarya ba, ina son mutumin nan. Yana da sanyin murya, rigarsa kullum a goge, kuma ya iya zama ya saurari Baba yana labarin hawan jininsa kamar yana jin shari'ar da za ta shiga tarihi. Mama kuwa in ta ji ƙarar motarsa har ɗankwali take gyarawa.

Bari in ɗan yi muku bayanin aikin, don in ba ku gane shi ba ba za ku gane fushina ba. Duk hoton ƙirji da aka ɗauka a asibitocin nan, duk sakamakon gwajin jini, duk maganin da likita ya rubuta, a wani rumbun bayanai suke zaune a ginin ofishinmu. Tsakanin rumbun da manyan kwamfutocin da likitoci ke aiki da su akwai na'urori biyu, suwic muke ce musu, ɗaya a hagu ɗaya a dama. Kowace kwamfuta tana da waya zuwa na hagu da waya zuwa na dama, don in ɗaya ya tsaya ɗayan ya ɗauki kayan. Manhajar da ke cikin su biyun ta tsufa, har ta fara wani iskanci na yanke hanya haka kawai. Dole a sa sabuwa. Asibiti kuma ba shago ba ne da za a ce a rufe a dawo gobe. Saboda haka ɗaya bayan ɗaya ake yi: a sa wa na hagu, ya mutu ya tashi, duk bayanai suna bi ta dama, in ya dawo lafiya, sai a koma kan na dama. Likitan da ke duba mara lafiya bai ma san an yi ba.

Tun bara nake shirya wannan aikin. Ni na rubuta tsarinsa, ni na bi kwamfutocin ɗaya-ɗaya na tabbatar kowace wayoyinta biyu na aiki, ni na yi ta zarya har asibitocin suka yarda suka ba mu wata Asabar da rana. A ƙofar firij ɗin Mama na manna ranar da hannuna.

Sai ga shi mahaifiyar Lauya ta aiko cewa ita da 'ya'yanta mata za su zo su gaisa da Mama, su gan ni. Wace rana? Wannan Asabar ɗin.

Na ce, "Mama, ki roƙe su su maida Lahadi."

Ta ce, "In ce musu me? 'Yata tana da ganawa da waya?"

"Aiki ne, Mama. Kafin la'asar na dawo."

Gwaggo na gefe tana yanke farce, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Ni dai ban taɓa jin injin da ya kai mace ɗaki ba."

Na haɗiye. Na kira Lauya na faɗa masa. Ya yi dariyar nan tasa mai taushi ya ce, "Injiniyata, kar ki damu, zan san yadda za a yi." Ni da wautata na ɗauka mahaifiyarsa zai lallasa.

Ranar Alhamis Oga, shugabana a wurin aiki, ya kira ni ofishinsa. Yana jujjuyawa a kujera yana murmushin da ban gane kansa ba.

"Ashe abin arziki ya matso ba ki faɗa mana ba? Angonki ya kira ni. Tare muka yi makaranta, kin sani. Ya ce in taimaka in sake ki ranar Asabar. Sai in ba Dogo aikin."

Dogo abokin aikina ne, mutumin kirki, amma ɓangaren manyan kwamfutoci yake, bai taɓa sa wa suwic manhaja ba.

Na ce, "Yallaɓai, ni na nemi a sake ni?"

"A'a, amma dai..."

"To aikina ne, ni zan yi."

Ya ɗaga hannu biyu. "Shi ke nan. Ni dai kar a ce na hana aure."

Na fito kunnuwana na zafi. A ce mutumin da bai ma aure ni ba ya ɗauki waya ya kira shugabana ya nemar min hutu, kamar wata 'yar firamare da uba ya kai wa malami uzuri. A kan matakala na tura masa saƙo: "Kar ka sake kiran wurin aikina." Ya amsa da hoton fure da "Don ina son ki ne."

Asabar da safe na tarar Mama ta shimfiɗa min leshi ruwan zuma a kan gado, da mayafinsa, da takalmi mai tsini, da sarƙar da ba ta bari ko Yaya ta taɓa. An canja labulen falo, an fito da kofunan gilashin da suke cikin kabad tun ina ƙarama, gidan sai ƙamshin soyayyiyar kaza da turare yake. Na sa baƙar doguwar rigata da takalmin roba, na ɗora jaket mai kauri a kafaɗa, na goya jakar kwamfuta.

Mama ta bi ni da ido daga sama har ƙasa. "Haka za ki fita ki bar ni da kunya?"

"Zan dawo in sa leshin, Mama. Ki ba su abinci, kafin su gama na iso."

Ba ta amsa sallamata ba. Baba dama ya fita tun da wuri wurin makanike.

Ɗakin da na'urorin suke ɗakin sanyi muke ce masa. Babu taga, sai dogayen akwatunan ƙarfe a jere, ƙananan fitilu kore suna ƙyaftawa, da ƙugin fanka da ke sa sai ka ɗaga murya. Dogo ya jawo mana kujeru biyu, ya buɗe allon da ke nuna zirga-zirgar bayanai. Na fara da kwafe saitin kowane suwic na adana, don ko abu ya lalace mu san inda za mu koma. Na sake bin kwamfutocin, na ga kowace tana ganin rumbun ta hanya biyu. Na kira mai kula da kwamfuta na babban asibitin na ce za mu fara. Sannan na yi bismillah na tura sabuwar manhajar cikin na hagu.

Ya ɗauki lokaci yana haɗiya. Dogo na ba ni labarin yadda ɗansa ya zuba madara a cikin takalminsa, ina dariya da rabin baki, idona na kan allo. Can na hagu ya rubuto cewa zai mutu ya tashi. Fitilunsa suka ɗauke gaba ɗaya. A allon Dogo layin hagu ya kwanta, na dama ya yi sama ya ɗauki komai. Babu abin da ya tsaya. Amma duk wanda ya san aikin nan ya san wannan ne lokacin da ba a ko tari, don asibitocin duka a kan ƙafa ɗaya suke tsaye.

A daidai nan wayata ta yi ƙara a aljihun jaket. Saƙo ne daga lambar Yaya.

"Auta ki zo gida yanzu. Mama ta faɗi, ba ta magana."

'Yan uwa, ban san yadda zan kwatanta muku ba. Na kira Yaya, ta yi ta ringi ba a ɗauka ba. Na kira Mama, haka. Na kira Baba, a kashe. Na kira Gwaggo, ta katse. Na kira Lauya, bai ɗaga ba.

Dogo ya ga fuskata ya karɓi wayar ya karanta. "Tashi ki tafi. Zan zauna."

Na miƙe. Har na ɗauki jaka. Sai na kalli na hagu, har yanzu baƙi ƙirin, bai tashi ba.

"Dogo, in bai tashi ba ka san yadda ake maida shi tsohuwar manhajar?"

Ya ce, "Kin rubuta a tsarin. Zan bi a hankali."

"In na dama ya yi tuntuɓe kana cikin karantawa fa?"

Akwai mutane a ɗakin tiyata a lokacin. Akwai wanda ake jiran sakamakon jininsa kafin a ɗaura masa wani. Na tsaya da jaka a hannu, ƙafa ɗaya wajen ƙofa, na tuna Mama da safe tana cewa zan bar ta da kunya, ban ko juya na rarrashe ta ba.

Na ajiye jakar na zauna.

Ina kuka ina kallon allo. Hawaye na ɗiga kan madannai ina sharewa da hannun jaket. Hannu ɗaya na kiran lambar Yaya, ɗayan na kan kwamfuta. Addu'ar da nake yi ma ta cakuɗe, ban san ko Mama nake roƙa wa ba ko na'ura. A raina ina cewa in matar nan ta cika ina zaune a nan, da wane ido zan kalli kaina har in mutu?

Fitilun suka fara dawowa ɗaya bayan ɗaya. Duk suka yi kore sai guda, ta ɓangaren ɗakin gwajin jini, ta tsaya a ruwan lemo. Na rufe hanyar na sake buɗewa, ta ƙi. Na zagaya bayan akwatin na zare siririyar wayar, na goge bakinta na mayar. Ta yi kore. Na bi kwamfutocin da gudu na ga kowace ta dawo da hanyarta biyu.

Na ce, "Dogo, kar ka taɓa na dama. A bar shi da tsohuwar, ba abin da zai faru. Ka kira asibiti ka ce mun tsaya a rabi."

Ban san yadda na sauka daga benen ba. Mai tasin da na tare ya ga yanayina bai ko yi ciniki ba. Duk hanya ina jiran in ga taron mutane a ƙofar gidanmu.

Motoci biyu na gani, ɗaya ta Lauya. Na banka ƙofar falo ko sallama babu.

Mama na zaune a tsakiyar doguwar kujera cikin shuɗin leshinta, da kofin lemo a hannu, tana dariya. A gefenta wata dattijuwa mai farin gilashi, da 'yan mata biyu da suka sha kwalliya. Gwaggo na zuba shinkafa a faranti. Yaya na tsaye bakin kicin, tana ganina ta sunkuyar da kai.

Mama ta ce, "Au, ga ta nan ma. Auta, wannan wace irin shigowa ce? Zo ki gaida Hajiya."

Na tsaya ina kallon ta. Lafiyarta ƙalau. Har janbaki ta sa. Abin da na fara ji daɗi ne. Abin da ya biyo baya kuwa ban taɓa jin irinsa ba tunda aka haife ni.

Na durƙusa na gaida dattijuwar, don ba ita ta yi min ba. Ta kalli idanuna da suka kumbura da takalmin robar da ke ƙafata ta ce, "Sannu 'yata, an sha aiki." Na ce mata ina zuwa. Na kama hannun Yaya na ja ta cikin kicin na tura ƙofa.

"Wa ya rubuta?"

"Auta, ki rage murya, baƙi..."

"Yaya, wa ya rubuta?"

Idonta ya ciko. "Gwaggo ce ta karɓi wayata. Ta ce kar wanda ya ɗaga in kin kira."

Gwaggo ta turo ƙofa ta shigo da cokali a hannu. "Ni ce. Sai me? Ba ga shi kin zo ba? Da an ce miki baƙi na jira ai da har yanzu kina can kina shafa ƙarfe."

"Gwaggo, kin ce min uwata ta faɗi."

"To ai ba ta faɗi ba, sai ki gode wa Allah. Kuma mun gani ai. Tun yaushe aka tura saƙon? Da da gaske ne da sai dai ki tarar an gama komai."

Wannan maganar ita ta fi ƙona ni, don gaskiya ce. Sun ɗora ni a kan sikeli da ƙarya, suka sa na zaɓa, yanzu kuma suna riƙe da abin da na zaɓa suna nuna min. Na buɗe baki, na tuna ƙanwar ubana ce, na rufe. Na fita ta ƙofar baya.

Lauya na tsakar gida, jingine da motarsa, cikin farar riga, yana danna waya. Ya ɗago ya yi murmushi.

"Injiniyata. Kin ga, ba a daɗe ba kin iso."

"Na kira ka ba ka ɗaga ba."

"Waya na cikin mota."

"Ga ta a hannunka."

Ya kalli wayar kamar yau ya fara ganin ta. Ya sassauta murya irin yadda yake yi wa alƙali. "Ki saurare ni. Hajiya ta fara tambaya, har ta ce ko ba kya so ne. Ni dai cewa na yi a gaya miki wani abin da zai sa ki taho da wuri. Ban ce a ce ta faɗi ba, wannan Gwaggo ce ta ƙara gishiri."

"Amma ka ga kirana ka san me ya sa nake kira."

"Na san dai za ki zo ki ga lafiya lau, mu yi dariya."

"Mu yi dariya." Na ji muryata ta zama wata iri. "Ka san abin da na bari? Ka san da na taso a lokacin, wani abu ya faru, likita zai nemi sakamakon jinin mutum ya rasa? Ka san na zauna ina kuka ina tunanin na kashe uwata da baƙin ciki?"

"Shi ya sa nake ganin aikin nan ya yi miki nauyi. Dubi yadda ya maida ke."

Na daɗe ina kallon shi. Fuskar nan da nake so, da gemun da aka gyara tsaf. Ko a jikinsa. Shi a ganinsa ya ci shari'a.

Na ce, "Ka shiga ka ce wa Hajiya na gode da zuwa. Ni zan koma, na bar aiki a rabi."

"In kika fita yanzu, ban san me zan ce mata ba."

"Kai ne lauya."

Na juya, sai na ga Baba tsaye a bakin get, hannunsa duk baƙin mai, da makullin mota. Ban san tun yaushe yake wurin ba. Lauya ya yi saurin rusunawa yana gaishe shi. Baba ya amsa a taƙaice, ya kalle ni ya ce, "Auta, shiga mota in kai ki."

Muka hau titi. Baba ba mai yawan magana ba ne dama, in ransa ya ɓaci kuma sai ya riƙa tuƙi a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai. Na tura wa Dogo saƙo cewa Mama lafiya, ina hanya, ya tambayi asibiti ko za su bari mu ƙarasa na dama yau. Ya amsa: "Sun ce in kin iso a ci gaba. Komai kore."

Sai da muka wuce gidan mai Baba ya yi gyaran murya.

"Wayata caji ya ƙare a gareji. Da na ɗaga. Na ji abin da kuka faɗa. Gwaggonki ni zan yi magana da ita. Amma akwai abin da nake so in tambaye ki, ki faɗa min gaskiya."

"To, Baba."

"Makon jiya yaron nan ya same ni. Ya ce kun zauna kun gama magana, kin yarda da bakinki za ki ajiye aiki kafin biki. Na yi mamaki, don na san wahalar da kika sha a karatun nan. Na ce in dai ke kika zaɓa, ni ba zan hana ba. A kan haka na ba shi maganata, na ce ya turo manyansa."

Na ji kamar an watsa min ruwan zafi a fuska.

"Baba, wallahi ban taɓa faɗa ba. Ko zancen bai taɓa yi min ba."

Bai kalle ni ba. Ya kunna sigina, ya gangara gefen titi gaban wani shagon taya, ya kashe mota. Ya miƙo min hannu.

"Ba ni wayarki."

Na ba shi. Ya sa tabarau, ya lalubo lambar Lauya da ɗan yatsansa mai baƙin mai, ya danna, ya buɗe lasifika ya ajiye wayar a tsakaninmu. Ringi ɗaya aka ɗauka.

"Injiniyata," in ji muryar nan mai taushi, "na san za ki huce. Ki bar min Baba, na san yadda nake bi da shi."

Baba ya cire tabaran a hankali ya ninke.

Ya ce, "To ga ni. Bi da ni in ji."